Cutar Alzaima: furotin ɗin amiloyid ne ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ko furotin ɗin tawu?

Ɗaliba: Ni dai ina nan a kan bakana: furotin ɗin amiloyid shi ne tushen cutar Alzaima, cutar mantuwa da ta fi kama tsofaffi. Tun 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana curinsa a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu. Yakan daskare tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ya dagula saƙon da suke aika wa juna.

Malam: 'Yata, ban gamsu ba. Tsofaffi da yawa an duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa, ga amiloyid jingim, alhali har suka koma ga Allah hankalinsu garau. Ina kisan yake?

Ɗaliba: To masu larurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita, fa, Malam? Ƙwayar gadon da ke samar da amiloyid tana kan kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 21, su kuma masu larurar irin wannan kuromosom uku gare su maimakon biyu. Kusan dukkansu curin ya bayyana wajen shekara 40.

Dakta: Kun manta da tawu. Cikin kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa akwai siraran hanyoyi da abinci da saƙo ke bi, furotin ɗin tawu ne ke riƙe da su. In ya lalace sai ya saki, ya cukurkuɗe kamar zare, hanya ta rushe, ƙwayar ta mutu daga ciki. Ya fi saurin kama sashen da ke ajiye sabon tunani, kuma yaɗuwarsa ce ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsananin mantuwa.

Anti: Allah sarki! Shi ya sa mahaifiyata ke rera waƙar ƙuruciyarta tsaf, amma ta riƙe hannuna tana tambaya ta ko 'yar wace ce ni. Da can gigin tsufa kawai muka ɗauka.

Dakta: Allah ya ba ta sauƙi, Anti.

Malam: Amin. Kun ga Dakta ma yana bayana. Maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 yana share amiloyid sosai, amma kashi 27 cikin ɗari kawai ya rage saurin cutar cikin wata 18, ga haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa.

Dakta: A'a Malam, ban wanke amiloyid ba. Yana fara taruwa kusan shekara 20 kafin a ga alama, kuma yawanci sai da shi tawu ke bazuwa ko'ina. Kafin mantuwa ta bayyana, ɓarna ta yi nisa.

Malam: To sai a gwada maganin a kan waɗanda ba su fara mantuwa ba. In ya hana ta zuwa, zan sauka daga ra'ayina.

Ɗaliba: Gwajin da ake yi yanzu ke nan, Malam.