Vim, Emacs ko nano: da wanne mai koyo zai fara?

Abdul-Rashid, Aboabo:
Assalamu alaikum, malamai da yayyena. Ina karatun kimiyyar kwamfuta a jami'ar KNUST da ke Kumasi, kuma na saba da manhajar gyara rubutu ta VS Code, amma yanzu an ba mu aikin gyara fayiloli a kan sabar Linux, wato kwamfutar da ake aiki a kanta daga nesa, ta hanyar SSH, tsarin shiga irin wannan kwamfuta, inda babu linzami, sai baƙin allo da madannai kawai. A cikin manhajojin gyara rubutu da ke aiki a can, wasu sun ce in koyi Vim, wasu sun ce Emacs ko nano. Wanne ya fi dacewa da ni, kuma ta yaya ake riƙe umarnin madannan nan masu yawa?

Malam Issaka, Asawase:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ita ce Vim, domin vi, wadda Bill Joy ya rubuta a 1976 kuma Bram Moolenaar ya gina Vim a kan tsarinta a 1991, da wuya ka shiga sabar da babu ita. Abin da ke wahalar da mai koyo shi ne ƙoƙarin haddace umarni ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa haɗa su ake yi: d na nufin gogewa, w na nufin kalma, saboda haka dw zai goge kalma ɗaya, d3w ya goge uku, idan kuma ka sa c a maimakon d, sai ya goge ya bar ka kana rubutu a wurin. Wanda ya gane wannan tsari zai iya haɗa umarnin da ba a taɓa koya masa ba. Ka rubuta umarnin vimtutor a baƙin allon, darasi ne na kamar rabin awa, ka maimaita shi har yatsunka su saba. Kafin komai dai ka tuna da Esc don fita daga yanayin rubutu zuwa na ba da umarni, da :wq don adanawa da fita, da :q! don fita ba tare da adanawa ba.

Hajiya Ramatu, Nima:
Malam Issaka ya faɗi gaskiya, sai dai ban ga dalilin ɗora wa ɗalibi wannan nauyi yana tsakiyar aikin makaranta ba. Ɗana, ka gama aikinka da nano, wadda ke jera umarninta a ƙasan allo: Ctrl+O don adanawa, Ctrl+X don fita. Vim kuwa ka koye ta a lokacin hutu. Kada kuma ka raina Emacs, domin madannanta kana da su a Bash, manhajar da ke karɓar umarninka a baƙin allon, tun yanzu: Ctrl+A na kai ka farkon layi, Ctrl+E ƙarshensa, Ctrl+K kuma na yanke abin da ya rage.

Malam Issaka, Asawase:
Na yarda, Hajiya, nano ta isa wannan aikin. Abu biyu zan ƙara saboda halin da muke ciki a nan. Idan dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya katse maka aiki, Vim tana ajiye kwafin wucin gadi, kuma vim -r tare da sunan fayil zai dawo da yawancin abin da ka rubuta. Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa: kana cikin yanayin rubutu na Vim, ka danna Ctrl+V, sannan u, sai 0199 don ƙ, 0257 don ɗ, ko 0253 don ɓ.

Abdul-Rashid, Aboabo:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan gama aikin da nano, in fara vimtutor bayan jarrabawa.