Shin CV ɗaya ya isa a nemi kowane irin aiki da shi?

Akanta_Mai_Dawowa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na karanta fannin akanta, kuma na yi aikin kula da littattafan kuɗi a wani kamfani na 'yan shekaru kafin in ajiye aikin domin jinyar mahaifiyata. Yanzu ina son komawa, amma duk inda na tura CV ɗina, wato takardar tarihin karatuna da aikina, ba a kira ni ganawa ba. CV ɗin shafi uku ne, yana ɗauke da hotona, ranar haihuwa, matsayin aure, da makarantun da na yi tun daga firamare, kuma shi nake turawa ko'ina ba tare da canza komai ba. Ina neman shawara kan tsawonsa, kan ko hoto ya zama dole, da kuma yadda zan bayyana shekarun da na yi ba na aiki.

Jami'in_Ɗaukar_Ma'aikata ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan jinyar da kika yi. A ganina babbar matsalar ba tsawon takardar ba ce, tura takarda ɗaya ga kowa ne. Duk sanarwar aiki tana faɗin abin da ake nema, kuma wanda zai tantance masu nema yana riƙe da wannan sanarwa a hannu ɗaya, CV ɗinki a ɗaya hannun, yana duba inda suka dace. Idan sanarwar ta ce ana son wanda ya iya daidaita lissafin banki, biyan albashi, da amfani da manhajojin lissafi irin su Excel ko QuickBooks, to waɗannan kalmomi su fito a fili a saman shafin farko, matuƙar dai kin iya su da gaske.

Akwai wani dalili kuma. Manyan kamfanoni da yawa suna karɓar takardu ta wata manhaja da ake kira ATS, wadda ke ciro rubutun CV ta adana shi, sannan jami'i ya bincika da kalmomin da ke cikin sanarwar. Irin wannan manhaja takan rikice da teburori, rubutu mai layi biyu a gefe da gefe, da bayanan da aka sa cikin hoto, don haka ki yi rubutu a jere daga sama zuwa ƙasa da kanun da kowa ya sani: ƙwarewar aiki, karatu, fasahohi. Ki tura shi a matsayin PDF ko Word bisa abin da aka buƙata, amma kada ki ɗauki hoton takardar da waya ki tura, domin rubutun da ke cikin hoto ba lallai manhajar ta iya karanta shi ba. Sunan fayil ɗin ya zama sunanki, adireshin imel ɗin ma haka.

Inda na fi so ki daɗe shi ne yadda kika rubuta aikinki na baya. Mafi yawan mutane suna kwafo ayyukan da aka ɗora musu, su ce “kula da littattafan kuɗi”, alhali duk akanta haka yake yi, don haka wannan bai bambanta ki da kowa ba. Ki faɗi abin da ya sauya saboda ke. Misali, idan ke ce kika mayar da lissafin kamfanin daga takarda zuwa kwamfuta, ko kika rage kwanakin rufe lissafin wata daga 10 zuwa 6, ko kika gano kuɗin da ake biya sau biyu, to wannan ne abin rubutawa, da adadinsa na gaskiya. Ki fara da aikin da kika yi a baya-bayan nan, ki koma baya. Makarantar firamare da sakandare ki cire su idan kina da digiri. Idan kika yi haka za ki ga shafi ukun sun koma ɗaya ko biyu da kansu.

Malama_A_Ƙetare ta amsa:

Batun hoto ya danganta da ƙasar da kike neman aikin. A Amurka ba a saba sa hoto, shekaru ko matsayin aure ba, saboda dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambanci kan launin fata, addini, jinsi ko asali wajen ɗaukar aiki, wata doka ta 1967 kuma ta kare masu shekara 40 zuwa sama, don haka kamfanoni ba sa son ganin abin da za a iya zarginsu da shi daga baya. A Birtaniya ma haka abin yake, inda dokar daidaito ta 2010 ke aiki. A Jamus kuwa mutane da yawa suna sa hoto har yanzu, ko da yake ba tilas ba ne. Idan wata ƙasa ce ta Tarayyar Turai, akwai tsarin CV mai suna Europass da ake cikewa kyauta a intanet. Shawarata ita ce kada ki sa hoto sai an nema ko kin tabbatar al'adar wurin ce. CV mai shafuka da yawa kuwa na malaman jami'a ne da masu bincike, waɗanda dole su jero wallafe-wallafensu.

Tsohon_Manaja ya amsa:

'Yata, na yarda da abin da aka faɗa, sai dai ina da ja kaɗan kan batun kalmomin sanarwa. Na ga takardu da aka cusa musu kowace kalma ta sanarwar, sai a zo ganawa a yi tambaya ɗaya mai sauƙi, mutum ya kasa. Abin da ba za ki iya karewa da bakinki ba, kada ya shiga takardar.

Game da shekarun jinya, kada ki ɓoye su, kuma kada ki ja ranar barin aikinki gaba don toshe giɓin, domin kiran waya ɗaya zuwa tsohon wurin aikinki zai tona hakan. Layi ɗaya ya wadatar: shekarun, sannan “hutun kula da iyali”. Idan kin yi wani kwas a lokacin, ko kin riƙe wa wata ƙungiya lissafi ko da kyauta ne, ki sa shi a ƙarƙashin wannan layi. Masu shaidar aikinki kuma ki nemi izininsu tukuna, ki sanar da su irin aikin da kike nema, don kada a kira su ba shiri.

Akanta_Mai_Dawowa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam da Malama. Saura abu ɗaya: shin sai na sake rubuta CV daga farko duk lokacin da zan nemi wani aiki?

Jami'in_Ɗaukar_Ma'aikata ya amsa:

A'a, Malama. Ki ajiye babban kwafi guda mai ɗauke da komai, wanda ba ki tura wa kowa. Ga kowane gurbi sai ki ciro daga ciki, ki gyara taƙaitaccen bayanin da ke sama, ki ɗago ayyukan da suka fi dacewa, ki sauke sauran. Ki tabbata ranakun sun yi daidai da abin da ke shafinki na LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, idan kina da shi, sannan ki ba wani ya karanta miki kafin ki tura, musamman lambar waya da imel.