Neman shawara: sunan kamfanin tufafina ya zo ɗaya da na 'yan damfara, in canza ko in daure?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar tufafi da duk wanda ya san kan kasuwanci ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni barci.

Ina da ɗan ƙaramin kamfani na ɗinka riguna, na manya da na yara. Kowace riga sai mun ɗinka mata sunanmu a wuya, wasu ma a ƙirji muke buga shi. Ni na zaɓi sunan tun farko, ban kwaikwayi kowa ba. Kwanakin baya sai wani kamfanin zuba jari ya gudu da kuɗin jama'a, kuma harafi ɗaya ne kawai ya raba sunansa da nawa. Wallahi ban san su ba, ko hanya ba mu taɓa haɗawa ba. Amma yanzu duk hoton da na ɗora sai an biyo ƙasa ana rubuta "ku dawo mana da kuɗinmu". Wata mai sari da muka daɗe tare ta ce in dakata da aiko mata kaya tukuna. Wanda ya fi taɓa ni, wata kwastoma ta zo karɓar rigar 'yarta, ta yaba ɗinkin sosai, sannan ta nemi aron almakashi ta yanke sunan a gabana, ta ce ba ta so a tsokani yarinyar.

Ga ledoji da tambarin wuya da na buga masu yawa suna ajiye. Maigidana ya ce in yi haƙuri ƙura za ta lafa, ƙanwata ta ce in canza tun yau. Na rasa wanda zan bi.

Wani ɗan uwa mai sayar da yadi:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo mafita. Ni dai kada ki canza. Kina sauya suna yanzu za a ce ai da ma su ne, sun sake shiri ne su ɓoye. Ki tsaya a kan gaskiyarki, mutane na da saurin mantuwa.

Wata 'yar uwa da ke aikin talla:

Yaya mai yadi, tsoron da ka kawo gaskiya ne, amma ban yarda a daure ba. Kafin a ce canza ko kada a canza, sai an duba inda dattin ya zauna: a jikin masu sa kayan yake, ko a jikin sunan kansa?

Na farko shi ya sami Lonsdale, kamfanin kayan dambe da tufafi na Ingila. Matasa masu aƙidar Nazi a Jamus da Holan suka ɗauki rigunansa kamar yunifom, saboda idan aka ɗora jaket a buɗe, haruffan tsakiya ne ke fitowa, NSDA, saura harafi ɗaya su cika sunan jam'iyyar Hitler a taƙaice. Har wasu makarantu da wuraren shaƙatawa suka hana shiga da rigar. Kamfanin bai canza suna ba. Ya daina ba shagunan da ke da alaƙa da waɗannan mutane kaya, ya shiga ɗaukar nauyin tarukan yaƙi da wariyar launin fata, ya fito da talla mai cewa yana son kowane launi. Haka Fred Perry, wani kamfanin tufafi na Ingila, da ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi ta Proud Boys ta Amurka ta mayar da rigarsa baƙa mai ratsin rawaya alamarta, sai ya daina sayar da wannan launin a Amurka tun 2019, ya fito a 2020 ya barranta kansa da su a fili. Duka biyun sun yi shekaru da dama suna gina suna kafin masifar ta zo, suna da abin da za su kare, suna kuma da kuɗin karewa. Ko su ɗin, sai da suka haƙura da wani ciniki da hannunsu.

Naki na biyu ne. A 2014 da ƙungiyar ISIS ta cika labarai, akwai kamfanoni da dama masu suna Isis, sunan wata abar bauta ta tsohuwar Masar, ba ruwansu da ta'addanci. Wata manhajar biyan kuɗi ta waya a Amurka ta koma Softcard a shekarar. Kamfanin magunguna na Isis ya ɗan ja, amma a ƙarshen 2015 shi ma ya koma Ionis. Babu wanda ya zarge su da laifi, sai dai duk wanda ya ji sunan, wani abu daban ke fara faɗo masa a rai, kuma ba su da ikon goge wannan.

Ki gwada abu ɗaya yau: ki rubuta sunan kamfaninki a Google. Idan labarin damfara ne ya cika shafin farko, to duk sabon kwastoma abin da yake gani ke nan kafin ya ga rigarki. Kuma irin wannan shari'a takan ja, kowane zaman kotu sai an sake ambaton sunan a labarai.

Wata uwa, tsohuwar tela:

'Yata, ki saurari matar nan da ta yanke sunan, ta gaya miki komai. Ba ta ce ɗinkinki ya ɓaci ba, ta biya kuɗinta ta ɗauki rigarta. Sunan ne ba za ta iya sa wa 'yarta ba. Da sabulu kike sayarwa, mutum zai saya ya kai banɗaki ba wanda ya gani. Riga kuwa da ita ake shiga mutane, wanda ya sa ta shi zai amsa tambaya, ba ke ba. Kuma a cikin waɗanda zai haɗu da su akwai wanda aka cinye wa jarinsa kaf, zuciyarsa na tafasa. Wa zai sayi riga don ya riƙa rantse-rantse a hanya?

Waccan ta yanke a gabanki, ta kyauta miki. Da yawa ba za su ce komai ba, ƙafa kawai za su ɗauke.

Wani ɗan uwa mai karatun shari'a:

Ina tare da masu cewa a canza, amma ba a ɓoye ba, nan ne maganar mai yadi take da muhimmanci. Ki fara fitar da gajeriyar sanarwa a duk shafukanki: ku masu ɗinki ne, ba ku taɓa karɓar kuɗin kowa da sunan zuba jari ba, ba ku da alaƙa da wancan kamfani. Idan kina da takardar rajista mai nuna shekarar da kika fara, ki ɗora hotonta. Ki jajanta wa waɗanda aka cuta, kada ki yi musu da su ko sun zage ki, mutane ne da ke cikin zafi. Bayan haka ki sanar da sabon suna da bakinki, ki faɗi dalili.

Sabon sunan kuma kada a yi gaggawa. Ki bincika shi a intanet, ki duba a ofishin rajistar alamun kasuwanci ko wani ya riga ki, ki tambayi masu jin wasu harsunan da kwastomominki ke yi. Kim Kardashian, tauraruwar talabijin ta Amurka, da duk kuɗinta, a 2019 ta sa wa kamfaninta na tufafin ciki suna Kimono, mutanen Japan suka ce ta wulaƙanta tufafinsu na gargajiya, har magajin garin Kyoto ya rubuta mata wasiƙa. Kafin kayan su shiga kasuwa ta sauya zuwa Skims.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba Google kamar yadda aka ce, ko hoton riga ɗaya tawa ban gani ba, duk labarinsu ne. Zuciyata ta karkata ga canzawa. Amma kayan da ke ƙasa fa, da ledojin nan? Kuma ina tsoron tsofaffin kwastomomi su ɓace mini.

Tsohuwar tela:

Na wuya mai sauƙi ne, a farke a ɗinka sabo, aikin zama ɗaya ne ga yaranki. Masu bugu a ƙirji, wanda za a iya rufewa da aljihu ko wani ado a rufe, sauran ki karya kuɗinsu ki gaya wa mai saye gaskiya. Ledoji kam ki haƙura da su.

'Yar uwa mai aikin talla:

Kada ki buɗe sabon shafi, wanda kike da shi za ki sauya wa suna, mabiyanki suna nan. Lambar waya, launin tambari da salon hotunanki duk ki bar su yadda suke don ido ya gane ki. Tsofaffin kwastomomi ki tura wa kowa saƙo da kanki, kada su ji a bakin wani. Ita kuma mai sarin, ki kira ta kafin kowa, ki ce za ki karɓi abin da ya rage a hannunta ki sauya masa tambari ki mayar mata, kuɗin aikin a kanki.