Ina da bizar ɗalibai a Amurka: in shiga zanga-zangar Gaza ko in haƙura?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum. Saura wata biyar in kammala digiri na biyu, kuma abokan karatuna sun gayyace ni zanga-zangar lumana wadda jami'a ta ba da izininta. Raina yana so, amma ina tsoron a soke mini biza. Wanda ya taɓa shiga ya ba ni shawara.

Malam Na Leeds: Wa alaikumussalam. Ka je, ƙanena. Na yi tattaki a Landan sau uku, babu wanda ya tambaye ni takarda.

Yaya Babba: Malam, Ingila daban, Amurka daban. A bazarar 2024, lokacin da 'yan sanda suka kama ɗalibai sama da 100 masu zanga-zangar Gaza a Jami'ar Kolombiya da ke New York, mu ma muka kafa tantuna a tamu jami'ar. Kwana biyu kawai na yi, aka dakatar da ni, katin ɗakina ya daina buɗe ƙofa, aka janye aikin koyarwar da nake ci da shi. Turawan da muka kwana tare sun tafi gidajen iyayensu, ni kuwa sai masallaci. Lauya ya karɓi dala 400 kafin ya saurare ni.

Hajiya Ta Ohayo: Allah ya mayar da alheri, amma an cuce ki, domin lauyoyin sa-kai kyauta suke yi.

Yaya Babba: Kyautar da na jira mako uku ban samu ba?

Malam Na Leeds: Hajiya ai fasfon Amurka gare ta, shawararta ba ta mai biza ba ce.

Hajiya Ta Ohayo: Kai ma daga Ingila kake magana. Mahmoud Khalil, ɗaya daga cikin jagororin zanga-zangar Jami'ar Kolombiya, yana da katin zama na dindindin a lokacin, duk da haka aka tsare shi fiye da wata uku a Luwiziyana a 2025. Rumeysa Ozturk kuwa, wata ɗaliba 'yar Turkiyya, maƙala ce a kan Gaza a jaridar ɗalibai ta jawo mata soke biza da tsarewa.

Bakano: Wanda ya sha yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya riga ya sauke faralin zanga-zanga.

Ɗan Zariya: Don Allah, tambayata a kan wadda aka ba izini ce.

Bakano: Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne mayar da bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya, a Yulin 2025. Ƙanena ya kasa zuwa jana'izar mahaifinmu saboda tsoron kada a hana shi komawa.