Wane suna za mu ba krill da Hausa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Da buƙata na zo. Makon jiya ina koya wa 'yan aji biyu na babbar sakandare yadda halittu ke rayuwa da cin juna, sai na ci karo da kalmar krill. Na rubuta "ƙananan kifaye" a allo, na wuce. Da na nuna musu hoton a waya, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kifi ne da ƙafafu?" Gaskiyarta. Abin da ke hoton tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, santimita 6 in ya girma ƙwarai. Jikinsa garai-garai kamar gilashi da ɗigon ja, idanu biyu baƙaƙe ƙirin, ciki kore saboda gansakukar da ya ƙoshi da ita, ga ƙafafu a jere. Wannan ba kifi ba ne.

Ba don aji kaɗai na damu ba. Wanda ke tekun da ya kewaye Antatika, da masana ke kira Euphausia superba, an ƙiyasta nauyinsa gaba ɗaya tsakanin tan miliyan 300 da 500. Da shi manyan dabbobin teku da ake kira wel ke cika ciki, da shi tsuntsayen fengwin ke ciyar da 'ya'yansu. Kuma labarinsa yana canzawa. Ta yaya za mu ba mutanenmu labarin abin da ba mu da sunansa?

Wani mai fassara a gidan rediyo:
Wa alaikumus salam Malam. Mu dai "ƙwarin teku" muke cewa idan lokaci ya ƙure. Amma ni farar teku ta fi kwanta mini, domin dandazo suke yi kamar farin dango, har ruwa ya yi ja.

Mai tambaya:
Na gode, yallaɓai. Kamannin ya yi, don dandazon nasu yakan kai kilomitoci. Matsalata biyu ce. A rubuce, mai karatu zai ɗauka teku ce fara, ba fara ta teku ba. Sannan fara a wajen Bahaushe annoba ce idan ta taso, manomi addu'a yake Allah ya raba shi da ita. Shi kuwa wannan raguwarsa ake tsoro, ba yawansa ba. Ƙwarin teku kuma ya yi faɗi, har ƙaguwa za ta shige ciki.

Wata malamar ilmin halittu:
Malam, ai muna da jatan lande, me ya kai mu nesa? Ka je kasuwa wajen masu kayan miya ka dubi busasshen da ake kawowa daga kudu, ka ajiye shi kusa da hoton nan, ka ga ko yaranka ba za su ce 'yan gida ɗaya ba ne. A ilmance ba abu ɗaya ba ne, dangi ne kawai: shi krill matattarar numfashinsa a waje take, ana ganinta, kuma yana da wasu gaɓoɓi masu ba da haske a duhun ruwa kamar makyallu. Amma suna ba ya ɗaukar duk bayani. Su kansu mutanen Norwe da suka ba duniya kalmar, ma'anarta a wurinsu 'ya'yan kifi ce, ka ga su ma kamanni suka bi.

Shawarata a ƙara masa kalma ɗaya: jatan landen ƙanƙara. Dalilina shi ne rayuwarsa a ɗaure take da ƙanƙarar da ke rufe teku da hunturu. Ƙananansa ba su da kitsen da za su jure yunwar watannin duhu, sai su maƙale a ƙarƙashin ƙanƙarar suna kankare gansakukar da ke tsirowa a jikinta. Can ne rumbunsu, can ne maɓoyarsu. Shekarar da ƙanƙara ta yi ƙaranci, 'ya'yan da ke kai bazara ba su da yawa.

A 2004 Angus Atkinson da abokan aikinsa suka fitar da bincike a mujallar Nature, bayan sun tattara alkaluman komar da masu bincike suka jefa tun 1926. Suka ce a yankin kudu maso yammacin Atlantika, inda ya fi yawa, ya ragu sosai tun shekarun 1970. A 2018 wasu masana suka sake duba alkaluman, suka ce su ba su ga wannan raguwar ba, kuma har yau ana muhawara a kai. A 2019 Atkinson ya dawo da wani sakamakon: cikin kimanin shekara 90, cibiyar inda suke taruwa ta matsa kudu da kusan kilomita 440, wajen tafiyar Kano zuwa Abuja. Sanyi suke bi. To kudu tana da iyaka, domin gaba kaɗan ƙasar Antatika ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Ga shi a 2023 ƙanƙarar tekun ta yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna ta da tauraron ɗan'adam.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa:
'Yata, kin yi bayani, Allah ya yi albarka. Sai dai jinsin nan ya haura 80, kuma ba duka ke zaune a ƙanƙara ba, akwai na tekuna masu ɗumi. Idan kin ce wa duka na ƙanƙara, kin yi musu ƙarya. Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba. Da muka ari tebur da burodi, wa ya ce mun rasa harshe? A ce kiril, a huta.

Malamar ilmin halittu:
Haka ne Baba, na karɓi gyara. To a raba: kiril ya zama sunan dangin duka, jatan landen ƙanƙara ya zama na Antatika kaɗai.

Mai fassara:
Wannan zai yi mana aiki a labarai, don maganar kamunsa tana yawan zuwa. Hukumar kare halittun tekun Antatika, CCAMLR, da aka kafa a 1982, mai hedikwata a Hobart ta Ostireliya, ita ke sa ido, kuma ta ƙayyade tan 620,000 a shekara a yankin da jiragen kamunsa ke aiki. Norwe ce kan gaba, ga Sin da Koriya ta Kudu. Ana niƙa shi a yi abincin kifin kiwo, ana tatsar mansa a zuba a kafso. Jiragen kuma suna taruwa ne daidai inda fengwin ke kiwo. A kan kwalbar kafso "man kiril" ya fi sauƙin faɗa.

Mai tambaya:
Madalla. Na gwada shi a baki sau uku, bai sarƙe ba. Ga abin da zan rubuta a allo ranar Litinin, Baba ka duba mini: "Jatan landen ƙanƙara wani nau'in kiril ne da ke tekun Antatika. Ƙananansa suna kiwo a ƙarƙashin ƙanƙara, shi ya sa yake ƙaura kudu yayin da ruwa ke ɗumama." Yarinyar da ta yi tambayar ita zan sa ta karanta wa aji.

Dattijo:
Ya yi. Ka dai rubuta "kiril" da ra mai gare, kada yara su ja ta kamar Bature.