Akori-kura mai ƙaramin inji ko mai babba: waɗanda suka riƙe su faɗi abin da suka gani

Baban Ummi, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka san kan akori-kura irin su Hilux, Tacoma, Frontier ko Ranger su faɗi gaskiyar bambancin ƙaramin inji da babba. Dillalai kowa tasa yake yabo: wannan ya ce 2.7 ba ta shan mai, wancan ya ce in ba V6 ba, ba mota ba ce. Aikin da za ta yi shi ne zirga-zirgar cikin gari, sai ranar kasuwa ta ɗauko buhu takwas zuwa goma daga ƙauye, rabin hanyar burji ce. Don Allah a ba ni lissafi.

Oga Garba Bakanike, Kaduna

Wa alaikumus salam. Alhaji, mu fara da sunan injin. Hilux mai fetur da ta cika ƙasar nan 2TR ce: lita 2.7, silinda huɗu, ƙarfin doki wajen 160, ƙarfin ja wajen 245 Nm. Babbar kuma, wato V6, 1GR ce: lita 4.0, silinda shida, doki wajen 235, ja 376. Su ne dai a cikin Tacoma ta 2005 zuwa 2015, daga 2016 aka canja babbar zuwa 3.5 mai doki 278. Dukansu sarƙa ce a taimin ɗinsu, babu zancen canjin bel.

Abin da ke kawo 2.7 gareji yawanci ba injin ba ne, kuloci ne. Ƙarfin janta sai allura ta kusa juyi 4,000 yake fitowa. Direba kuwa, da lodi a baya, so yake ya tashi a 1,500, sai ya riƙe rabin kuloci yana ba ta wuta. Kana sauke giyabos ƙauri ne zai fara gaishe ka, faifan ya suɗe har ƙusoshi, fulawil ya yi shuɗi-shuɗi da ƙananan tsaga. Maganin: tashi a giya ɗaya, saki kulocin gaba ɗaya, ka bar injin ya yi ihunsa, ba abin da zai same shi. In mai jan ƙafa huɗu ce kuma a burji ko yashi kake, sa ta a L4, ƙaramar giyar ƙafa huɗu, ka tashi. Amma kada ka yi haka a kan kwalta.

V6 kuwa fulogi shida, kwayil shida, sai famfon ruwa da ya kamata a riƙa leƙawa. Ka ga busasshen abu ruwan hoda a gefensa, ya fara tsiyaya ke nan. Wani abin dariya, wajen juyen baƙin mai ƙaramar ta fi ci: 2.7 kusan lita 5.8 da filta, 4.0 ta Tacoma wajen 5.2.

Injiniya Rabi'u, Abuja

Zancen shan mai nake so in gyara, don tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 shi ne abin da kowa ke fara tambaya. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Tacoma ta 2016 mai jan baya, otomatik, da mai 2.7 da mai 3.5 V6 lamba ɗaya suka samu in an haɗa gari da babbar hanya: mil 21 a galan, wato wajen kilomita 9 a lita. A babbar hanya ma V6 ɗin ta ɗan fi sauƙi, 24 da 23.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Nauyin bodi ɗaya ne, kusan tan biyu, iskar da motar ke turawa ɗaya ce. Ƙaramin injin sai an danne totur kafin ya yi abin da babban ke yi a kwance. Inda 2.7 ke cin riba shi ne cunkoson gari, mota ba kaya, tana tsaye da AC a kunne. Tsohuwar 4.0 kuma ta fi 3.5 ƙishirwa, kada a haɗa su.

Kada ka yarda da allurar tanki. Cika shi har famfo ya tsaya, mayar da lissafin tafiya sifili, yi aikinka, koma famfo ɗaya ka sake cikawa, raba kilomita da lita. Sau uku, ɗaya daga ciki da lodi.

Hajiya Mai Shinkafa, Haɗeja

Alhaji, buhu goma na masara ko shinkafa, in mai kilo ɗari-ɗari ne, tan ɗaya ne cif. Girman inji ba ya ƙara maka ko buhu ɗaya, wannan aikin sifirin ne da taya da birki. Hilux an yi ta ne don wajen tan ɗaya, kuma a ciki har da direba da yaran lodi. Tacoma ba haka ba ce, kaya wajen kilo 500 zuwa 700 take ɗauka, gwargwadon samfurin, ko da V6 ce. Lambar tana nan a liƙe a jikin ƙofar direba. Mutane na ganin fuskar Toyota su ɗauka ƙanwar Hilux ce, su ɗora mata buhu goma. V6 ɗin zai ja kamar ba komai, shi ya sa ba a ganewa da wuri, sai sifirin ya miƙe ya kwanta a kan roba, shokozoba ta fara zubar da mai, hancin motar na kallon sama.

A tsarin lodi, masu nauyi su zauna jikin kan mota, gaban tayar baya, kada a jera su bakin ƙofar bodi. Taya ta zama mai alamar C ko LT, wato ta ɗaukar kaya, a ƙara wa na baya iska yadda takardar ƙofa ta nuna, da safe kafin su yi zafi. Inda babban inji ke da amfani na gaske shi ne jan tirela: Tacoma 2.7 wajen kilo 1,600, V6 mai kayan ja na kamfani wajen 2,900.

Na Gembu

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ku duk a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuke. Injin da ba shi da tobo yana rasa wajen kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Jos wajen mita 1,200 take, saman Mambila ya haura 1,500. Doki 160 ya koma 135, ga kaya, ga kwana-kwana daga Mayo Selbe. Za ta hau, amma a giya biyu, AC a kashe. A Hawan Kibo ma haka. Mai otomatik sai ta riƙa sauya giya tana komowa, man giya na ɗaukar zafi, don haka a kulle ta a 3 ko 2 da hannu. Gangara kuma giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka, in ba haka ba birki ya yi zafi ya zama soso. Mai bin irin wannan hanya kullum, V6 ko dizal mai tobo.

Ɗan Damagaram

Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Ba wanda ya taɓo gazuwal, wato dizal. Hilux mai ƙaramin inji 2.4 mai tobo, wato 2GD, doki 150 kawai gare ta amma janta ya kai 400 Nm tun daga juyi 1,600. Ta fi V6 mai lita 4.0 ja, a rabin juyinta. Ta 2.8 daga 2020 ta kai 500 a otomatik. Da lodi, nan ne bambancin shan mai na gaske yake, ba tsakanin fetur da fetur ba.

A rairayi kuma iskar taya ce kan gaba da inji. Sauke iskar taya zuwa matsin kilo 1.2, shiga H4, babbar giyar ƙafa huɗu, giya biyu ko uku, kada ka canja giya a tsakiyar tudu. In ta fara nutsewa ɗaga ƙafa nan take, ƙara wuta rami kake haƙa wa kanka. Da ka fito kan tsakuwa mayar da iskar. Na sha ganin 2.7 mai saukakkiyar taya ta wuce V6 da aka cika wa iska tam.

Oga Garba Bakanike, Kaduna

Mutumin Damagaram, ban ƙi ta taka ba, amma a faɗa wa Alhaji ɗaya gefen. A nan man gas ya fi fetur tsada, kuma sabon dizal ba ya yafe gurɓataccen mai. Matsin da ke layin nozul na GD ya haura 2,000 a ma'aunin matsi na bar, ɗigon ruwa ko ƙura ya isa ya cinye famfo da nozul huɗu, kuɗinsu kuwa ba na wasa ba ne. Mai irin wannan mota: fitilar ruwa ta kama, tsaya, kwance maɓallin ƙasan filtar mai, danna famfon sama har ruwan ya fita, ɗaure. Kada a sayi mai a jarka in da hali.

Tsofaffin 2.5 da 3.0, wato 2KD da 1KD, bel ne a taiminsu, kilomita 150,000 a canja shi da abin ɗaurinsa. A 1KD kuma wankin da ke ƙarƙashin nozul kan saki, hayaƙi ya shiga baƙin mai ya dafa shi, rariyar da ke tsotso mai daga kasko ta toshe, inji ya buga. In za ka saya, a zubar da mai a haska rariyar ta ramin juye. Ka ga baƙin dunƙule kamar kwalta, ka san abin da ke nan.

Ranger 3.2 mai silinda biyar tana ja sosai, kusan lita 10 take sha a juye, kuma kada a bar ta babu baƙin mai fiye da minti goma, famfonta kan kasa sake tsotsowa. Yaron gareji ya kwance ya tafi cin abinci, an gama. Sai tsohuwar dizal ɗin Hilux, 5L: lita 3.0 ce a suna, ba tobo, doki ba su kai 100 ba. Ga babban inji da 2.7 ke wucewa a guje. Amma fa tana haƙuri da mai.

Malam Habu, mai shigo da motoci

Ga mai son V6 'yar Amurka, abu biyu. Tacoma ta 2005 zuwa 2010 an san ta da tsatsar casis, har kamfanin ya yi sulhu a kotu a 2016, saboda gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara. Shiga ƙarƙashi da guduma ka ƙwanƙwasa kusa da inda sifirin ya kama, sabon baƙin fenti a wajen abin tuhuma ne. Frontier 4.0 otomatik ta waɗannan shekarun kuma lagireto kan fashe ta ciki, ruwa ya haɗu da man giya. Buɗe murfin lagireto inji a sanyaye, in ka ga abu kamar kunun gyaɗa, juya ka tafi.

Baban Ummi, Kano

Na gode, Allah ya saka. Na karkata ga Hilux 2.7 mai giyar hannu. Sai dai wadda aka nuna mini an sa mata manyan tayoyi, 285/70R17. Oga Garba, da matsala?

Oga Garba Bakanike, Kaduna

Da ita, ranka ya daɗe. Daga 265/65R17 zuwa 285/70R17 tsayin taya ya ƙaru da kashi bakwai cikin ɗari, ƙarfin ja a ƙasa ya ragu da kusan haka, ga nauyin tayar. V6 za ta shanye, 2.7 kuwa kulocinta ne zai biya. Mayar da girman da ke rubuce a ƙofa, ka cire kuɗin a ciniki.

Kafin ka biya, ɗora mata buhun siminti goma sha biyu, kilo 600 ke nan, kunna AC, ka nemi gada mai hawa. A giya huɗu kana tafiyar 50, danne totur. Allurar juyi ta yi sama mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya tafi. Bayan nan ka tsaya minti goma inji na aiki, ido a kan allurar zafi. Ka sa a duba ko tamostat na nan, don da yawa an cire shi an zuba ruwan rijiya. Filtar iska kuma ka zaro ta da hannunka ka shafa cikin bututun da ke bayanta. In yatsanka ya fito da ƙura, a gwada matsin silinda huɗun kafin a ci gaba da magana.