Busasshiyar rigar nutso a ruwan Bahar Maliya: zufa ta hana ni sakat

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna nutso da tukunyar iska a ruwa mai ɗumi.

A Dahab nake nutso, a ƙasar Masar. Da bazara ruwan kan kai digiri 27 zuwa 28, amma in na daɗe a ƙasa sanyi na kama ni ko da rigar roba mai shan ruwa, ballantana da hunturu da yake sauka kusan 21. Shi ya sa na koma busasshiyar riga, wato wadda ruwa ba ya shiga cikinta, irin mara kaurin nan da ba ta riƙe ɗumi da kanta sai abin da ka sa a ciki.

To ga inda na maƙale. In na sa kaya masu kauri a ciki, kafin in shiga ruwa zufa ta gama jiƙa ni a bakin teku, kuma can ƙasa wannan jiƙon ne ke komawa sanyi. In na sa shara-shara, da na yi zurfin mita goma rigar sai ta matse ni har fata ta yi shaci. Na ƙara mata iska, iskar ta gudu ƙafafu, ƙafafun su riƙa neman sama. Bawul ɗin kafaɗa mai fitar da iska a buɗe yake, na duba.

Wane irin kayan ciki kuke sawa a ruwan da ya kai digiri 27? Kuma dalmar ɗaurawa a idon sawu tana maganin tashin ƙafa, ko gyaran kwanciyar jiki ne kawai mafita? Don Allah a taimaka.